Shekarar da Na Bar Tsohuwar Lambata

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan. Ba a faɗinta a gabana, amma nakan ga yadda 'yata Ladi take ɗaure fuska idan aka ambaci Malam Sani alhali yayanta Bulus yana zaune. A ganinta Bulus ne ya raba ni da abokina a ƙarshen rayuwarsa, don shi ya matsa mini in sauya layin waya. 'Yar'uwarsu Saratu tana can Fatakwal, abin da aka gaya mata shi ta riƙe. Shi kuwa Bulus bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba. Tunda na zauna rubuta muku abin da na gani a duniya, bari in tsaya a kan wannan shekarar, ku ji yadda aka yi daga bakin wanda abin ya faru a kansa.

A masaka muka haɗu da Malam Sani, a Kakuri, muna samari. Injinsa yana kusa da nawa, ƙarar wurin kuwa ba ta bari a ji magana, sai muka saba hira da hannu da ido. Gida ɗaya muka kama haya a Makera, ƙofarsa na kallon tamu. Matarsa, Hajiya Binta, ita ta kula da mamanku lokacin haihuwar Bulus, don babu wani namu a kusa. Da rikicin nan ya zo wanda ya raba garin biyu, shi ya ɗauki Ladi a kafaɗa ya raka mu har inda sojoji suke. Bayan ƙura ta lafa kowa ya nemi inda hankalinsa zai kwanta. Ya haye kogi ya koma Rigasa, mu muka dawo Narayi, lokacin rabinta gonaki ne. Daga baya masakar ma ta rufe. Abin da ya rage tsakaninmu shi ne naman Sallah, shinkafar Kirsimeti, sai kuma waya da Allah ya kawo. Malam bai yi boko ba, da ajami yake rubutu, saboda haka ba ya ajiye suna a waya. Lambata ya haddace ta kamar yadda yake haddace karatu. Kowace Juma'a idan ya sauko daga masallaci zai kira.

"Ishaya, kana raye?"

"Ina raye, Malam. Kai fa?"

"Ga shi kana jin muryata."

Wani lokaci iyakar hirar ke nan, wani lokaci kuma sai katinsa ya ƙare.

Wayata a lokacin 'yar ƙarama ce mai tocila, wadda na ɗaure bayanta da roba. Layin da ke ciki shi ne na farko da na taɓa mallaka, har kuna kiransa layin Baba. A Narayi ba shi da laifi. Amma tun da na koma noma a Kakau na san halinsa: da na bar titin Abuja na gangara wajen fadama, shi ke nan, sai dai in duba lokaci da ita. Ban damu ba, har ina jin daɗin shirun. Sai ranar da mamanku ta faɗi a tsakar gida da daminar waccan shekarar. Hawan jini ne. Maƙwabciyarmu ta yi ta kirana ba ya shiga, har ta tura ɗan acaɓa ya bi ni gona yana tambayar mutane. Ina cikin masara ina zuba taki na ji ana ƙwala sunana. Kafin in iso asibiti an riga an sa mata ruwa, tana kwance ita kaɗai, zanenta duk ƙasa. Da ta buɗe ido ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi kawai ta yi ta sauraron ƙofa. Wannan maganar ta fi mini faɗa zafi.

Ranar Lahadi bayan sujada aka zauna a falo. Saratu tana kan wayar Bulus ana jin muryarta, lokacin cikinta na fari ya tsufa. Bulus ya ce abu biyu za a yi: a saya mini babbar waya irin ta shafawa, a kuma nemo layin da ke kamawa a gona.

"Broda Bulus, waya dai a saya," in ji Ladi, "amma lambar Baba ba abin taɓawa ba ce. Duk mutanen ƙauye ita suka sani. 'Yan masaka ita suka sani."

"Lambar da aka sani amma ba ta shiga, me ta amfana wa Mama ranar Talata?"

"To ka sa masa layin da nake amfani da shi, datarsa ta fi araha."

"Naki a Narayi yake sarauta. Kin taɓa gwada shi a Kakau?"

Saratu ta ce ita dai ko wane layi ne, a tabbata yana ɗaukar kiran bidiyo, don tana so mu ga jaririn ranar da ya zo, ba sai ya fara rarrafe ba. Mamanku tana kishingiɗe a doguwar kujera tana sauraronsu har kowa ya gaji. Sannan ta dube ni.

"Baban Bulus, ni ban san sunan ko ɗaya ba. Wanda idan na kira za ka ɗauka, shi nake so."

Bulus bai yanke hukunci da baki ba, wannan ina so ku riƙe. Ranar Asabar ya ajiye hutunsa, ya aro layukan abokan aikinsa, muka tafi Kakau tare. Ya sa Ladi ta zauna a gida kusa da mamanku da waya a hannu. Muka bi gonar kusurwa kusurwa, yana cire wannan yana sa wancan, takalmansa na ofis suna nutsewa a laka. A kan tudu kusan duka suna kamawa. A tsakiyar masara irin layin Ladi ya nuna sanda ɗaya, aka kira, muryarta ta fito a gutsure kamar ana yayyaga takarda, ta ɗauke. Nawa ko alama babu. Da muka gangara fadama, inda nake yini idan ana aikin shinkafa, guda ɗaya ne kawai ya tsaya, na wani kamfani da babu mai amfani da shi a gidanmu. Bulus ya miƙo mini wayar, na ji mamanku tana tambaya ko mun ci abinci, sarai kamar tana bayana. Na tsaya a cikin ruwa har idon sawu na ce masa magana ta ƙare.

An gaya mana ana iya ɗaukar tsohuwar lamba a kai ta sabon kamfani, muka je ofishinsu don haka. Yarinyar da ke wurin ta duba kwamfuta ta ce sunan da ke kan rajistar ba nawa ba ne. Sai a lokacin na tuna ƙanena Markus ne ya bi mini layi ya yi rajistar, shekarun baya, ina kwance da zazzaɓi. Markus kuwa ya daɗe da rasuwa. Ta yi mana bayani cikin ladabi cewa sai an kawo takardar mutuwa da ta kotu, kuma ta ja kunnenmu cewa layukan da ba su dace da katin ɗan ƙasa na mai su ba za a iya toshe su kowane lokaci. Bulus ya ce zai bi takardun. Ni na hana shi. Takardar Markus tana ƙauye wajen matarsa, kuma ban ga dalilin tayar wa gwauruwa da tsohon ciwo saboda lambar waya ba.

Daga nan muka wuce wani shago a Sabon Tasha. Mai shagon ya jera mana wayoyi a kan gilashi yana yabon kowace. Akwai wata mai faɗi mai ƙyalli, idanun kyamara jere a bayanta, ita Ladi ta so. Ya ɗauki hotona da ita, na ga har furfurar da ke cikin kunnena. Na mayar masa. Duk mai bin hanyar Kakau ya san abin da ya sa: idan tsautsayi ya haɗa ka da mutanen daji, wayarka suke fara dubawa su auna ka da ita. Akwai wata ta hannu da aka ce daga Turai take, mai kyau, amma batirinta ba ya kai yamma, ni kuwa babu wuta a gona. Ta ukun baƙa ce, mai kauri, ba ta da wani kwarjini. Mai shagon ya ce tana kwana biyu ba caji, kuma lasifikarta tana da ƙarfi. Na gwada shafa ta, fatar yatsana ta yi kanta har gilashin ba ya jin ta, sai da na danna da gefen ɗan yatsa. Ladi ta yi dariya har da hawaye, ni ma na yi. Ita na ɗauka.

Sai ga wani abu da ban zata ba. Ramin wayar na biyu, ko dai a sa masa layi, ko a sa memori na ajiye waƙoƙi da hotuna, ba ya ɗaukar duka biyun. Bulus ya ce a yanke tsohon sim ɗin a sa, in riƙa yawo da lambobin biyu. Amma mamanku ta riga ta roƙi a zuba mata waƙoƙin coci na yarenmu, waɗanda idonta ba ya iya karantawa kuma, ga hotunan jariri da ake jira. Na ce a sa memori, tsohon layin ya zauna a gidansa, a 'yar tocilata. Bulus ya sake tambayata ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ladi tana wurin, sai dai watakila ta manta.

A ranar na kira Malam da tsohuwar wayar na gaya masa.

"Sabuwar lamba? Ishaya, kan nan ya cika, ba ya ɗaukar sabon karatu. Ka zo da kanka ɗana Aminu ya rubuta mini a jikin bango. Kafin nan kada ka kashe wannan."

"Ba zan kashe ba, Malam."

"Kuma ka sani ni ba na ɗaukar lambar da ban sani ba. Kwanaki wani ya kira ya ce ya san makarantar jikokina."

Sabuwar wayar ta yi aikinta, kada wani ya ce muku ba ta yi ba. Ina fadama Saratu ta kira ta nuna mini ɗanta, ko wanka ba a yi masa ba. Na zauna a kan kunya na cire hula na yi addu'a, masu taya ni aiki suka taru suna leƙe. Da maraice mamanku takan ɗora ta a kan cinya tana bin waƙoƙin a hankali. Ranar Juma'a kuma 'yar tocila ta yi ƙara daga kan kabad, mu gaisa da Malam. Haka muka tafi har kaka. Sai wata Juma'a ba ta yi ƙara ba. Na ɗauka na gwada kira, aka ce an toshe layin. Na kira Malam da sabuwar, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Bulus ya tura saƙo, amma wa zai karanta masa? Na ce to, Asabar mai zuwa zan haye.

Kafin Asabar ɗin mamanku ta sake faɗuwa. Wannan karon da kanta ta danna kira tana ƙasa, na ɗauka a fadama, na ji harshenta ya karye. Daga nan na kira Bulus, ya riga ni isa gida ya kai ta asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya bambanta. Ta rayu, amma ɓarin jikinta na hagu ya shanye, kun san sauran. Watannin da suka biyo baya ban san Juma'a daga Litinin ba. Ni ke juya ta, ni ke ba ta koko da cokali. Da ta fara zama da kanta na roƙi Ladi ta yini da ita, na hau mota zuwa Rigasa. Na tarar da gidan a kulle. Mai shagon da ke ƙofar ya ce sun tafi da Malam garinsu neman magani, ƙafa ke damunsa. Na bar masa lambata da saƙon gaisuwa. Ban ɗauki abin da zafi ba, don wane tsoho ne ƙafa ba ta damunsa? Sallah ta zo ban ga nama ba, na ce bana kowa yana fama.

Damina ta sake zagayowa. Na shiga kasuwar Kakuri sayen maganin ciyawa, sai na ci karo da wani tsohon ɗan sashenmu a masaka. Muka gaisa, ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Na duba ban gan ka wajen jana'izar ba, na ce lallai Ishaya ba shi da lafiya."

"Jana'izar wa?"

Ya dube ni, ya saki hannun. "Ashe ba ka ji ba. Malam Sani. An yi sadakar bakwai ma."

Ban san yadda na fita daga kasuwar ba. Na tuna dai na zauna a bakin wata kwata, mai sayar da lemo ta ba ni ruwa.

Washegari Bulus ya kai ni. Muka haye gada muka nufi Rigasa. Da muka isa ya kashe mota ya ce zai jira a waje. Aminu, babban ɗan Malam, ya tare ni a zaure, ya durƙusa, muka yi wa juna gaisuwa. Ya shigar da ni har ƙofar ɗakin Hajiya, tana takaba, tana zaune a kan tabarma daga ciki.

"Baban Bulus, sai yau?"

"Sai yau, Hajiya. Jiya na ji. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Ina Maman Bulus?"

Na gaya mata halin da ake ciki. Ta yi salati, ta ce ashe kowa da abin da ya riƙe shi. Sannan ta ba ni labari. Ciwon suga ne ya ci ƙafar, daga garinsu aka dawo da shi asibiti a nan Kaduna. Mai shagon da na bar wa saƙo ya tashi kafin su dawo. Tun da aka kwantar da Malam yake karanto lambata da ka yana cewa a kira. Da farko ba ta shiga. Daga baya ta fara shiga, sai wata yarinya ta ɗauka tana Turanci, ta ce ba ta san wani Ishaya ba. Aminu ya zo Narayi ya yi yini guda yana nema, amma rabonsa da unguwar tun yana yaro, ya tarar gidaje sun cinye duk alamar da ya sani.

"Mun gaya masa lambar ta koma hannun wata," in ji Hajiya, "ya ce a'a, 'yarka ce, Ladi ce, ba ta gane shi ba ne. Ana gobe zai rasu, da azahar, na fita alwala, Aminu ya je karɓo magani. Na dawo na tarar da wayar a kan ƙirjinsa, yana barci. Da Aminu ya duba, ya ga Malam da kansa ya kira, kuma an daɗe ana magana. Abin da ya ce, Allah kaɗai ya sani."

Ta tambayi wanda ya kawo ni. Da na ce Bulus ne yana mota, ta ce a kira shi. Ya shigo kansa a ƙasa, ya durƙusa daga nesa, ya fara cewa shi ne ya sa aka sauya layin. Ba ta bari ya ƙarasa ba.

"Kai, tashi daga nan ka matso. Ni na fara yi maka wanka a duniya. Da ba ka sauya ba, da yanzu gaisuwa biyu ake yi. Ka kula da uwarka."

Ban taɓa ganin Bulus yana kuka ba tun yana yaro sai ranar.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina. Wata safiya bayan na ba mamanku magani, na fita bayan gida na danna lambar da na yi shekaru ina ba mutane, ban taɓa kiranta da kaina ba. Ta shiga. Muryar yarinya ce, ana jin hayaniyar kasuwa a bayanta. Na yi mata magana da Turancin brokin, na ce sunana Ishaya. Ta ce in dakata ta fita daga hayaniya. Ta ce ita 'yar Binuwai ce, tana koyon ɗinki a Makurɗi, ba ta daɗe da sayen layin ba. Ta ce ta tuna tsohon. Da farko ta ɗauka 'yan damfara ne, tana kashewa. Amma a kira na ƙarshe ta ji numfashinsa, irin na kakanta ne kafin ya tafi, sai ta kasa kashewa. Ta ajiye ɗinkin ta fita ta zauna a kan benci.

Na tambaye ta abin da ya ce. Ta ba ni haƙuri, ta ce ba ta jin Hausa ko kaɗan. Sunana kawai take ganewa idan ya faɗa. Ta ce ya yi magana mai tsawo, a hankali, a wani wuri har ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Daga baya muryar ta sauya, ta ji kamar addu'a yake yi.

"To ke me kika ce masa?"

Ta ce ba ta san abin da za ta ce ba. Duk inda ya tsaya ya ja numfashi, sai ta ce amin. Haka har ya yi shiru. Ta ce tun ranar abin yana damunta, ko ta yi laifi da ba ta sake gaya masa cewa ba ita ba ce.

Na jingina da bango. Na ce mata, "Ba ki yi laifi ba, 'yata. Abin da zan ce masa ke nan ni ma."